Ƙaiƙayi da ƙuraje duk lokacin al'ada: ciwon sanyi ne ko audugar mata?

"Assalamu alaikum Likita. Shekarata 26, ina da aure da haihuwa ɗaya. Watanni ke nan duk lokacin da na fara al'ada, a kwana na biyu ko na uku sai gabana da matsematsina su kama ƙaiƙayi da raɗaɗi, wani lokaci har ƙananan ƙuraje su feso, fatar ta saɓule. Idan na yi wanka da 'yan kwanaki sai ya lafa, wata na zagayowa ya dawo. A kemis sun ce sanyi ne. Na sha magani, na yi na matsawa, an yi mini allurai, har maigidana ya sha, amma babu canji. Yanzu wurin ya fara yin baƙi. Ina tsarki da ruwan zafi da Dettol, kuma auduga mai ƙamshi nake saya saboda tsoron wari. Wata ƙawata ta ce wai audugar ce jikina ba ya so. Hakan na yiwuwa? In haka ne yaya zan yi, tunda ba zan zauna babu ita ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu 'yar'uwa, Allah ya yaye miki. In na fahimce ki, tambayarki biyu ce: ko audugar mata ita kanta tana iya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, da kuma yadda za ki bambanta wannan da ciwon sanyi. Tana iyawa ƙwarai, kuma a ɗakin duba mata ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ƙawarki ta kama hanya. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninki shi ne lokacin da abin yake zuwa. Sai kin kwana ɗaya ko biyu da auduga a jikinki yake tashi, kina daina sakawa ya kwanta, kuma duk magungunan sanyin da kika sha ba su ko girgiza shi ba. Ciwon da ƙwayoyin cuta suka kawo ba kasafai yake bin kalanda haka ba. Sai dai ban duba ki ba, ban ga wurin da idona ba, don haka abin da zan faɗa miki hanya ce da za ki bi ki gano matsalar, ba hukunci na yanke ba.

Abin da ke cikin audugar, da fatar da take zama a kai

Yawancin waɗanda ake sayarwa a shaguna babu audugar gona a cikinsu, ko kuma kaɗan ce. Saman da ke taɓa jiki yadi ne da aka yi da zaren roba, ko kuma leda mai ƙananan huji. A tsakiya akwai ɓargon katako da aka sarrafa ya yi laushi, an gauraya shi da wani gari mai shanye ruwa ya koma kamar jeli, irin wanda ke cikin famfas ɗin jarirai. A ƙasa leda ce da ke hana jini ɓullowa, sai gam a bayanta da kan fukafukan. Bayan wannan wasu kamfanoni suna ƙara turare, wasu launi, wasu kuma na'a-na'a da ganyayyaki masu sa a ji sanyi-sanyi, har ana tallarsu da cewa suna maganin sanyi ko ciwon mara. Auduga ba ta maganin kowace cuta, kuma wannan sanyin da ake ji alama ce ta cewa wani sinadari yana aiki a kan fata.

Ita kuwa fatar gaban mace ba irin ta hannu ko ta ƙafa ba ce. Siririya ce, kullum tana cikin danshi da rufi, kuma abin da aka shafa mata yana ratsa ta fiye da yadda yake ratsa sauran jiki. Cikin farji yana da ɗan tsami na halitta wanda ke kare shi, a ma'aunin da muke amfani da shi yana tsakanin 3.8 da 4.5, jini kuwa yana wajen 7.4, wato ba shi da tsami. Ke nan a kwanakin al'ada wannan kariyar tana raguwa. Ki haɗa da gumi, da ɗigon fitsari, da leda da ta hana iska shiga, da gugar tafiya, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Fatar da ta jiƙa ta yi sa'o'i a haka takan yi laushi ta tsattsage, ko da ido bai gani ba.

Iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da amfani

Na farko, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ne cin fata kawai. Danshi da gogayya da sinadari ne suke cinye ta, kamar yadda hannun mai wanki yake saɓulewa idan ya wuni cikin ruwan omo. Kowace mace tana iya samun wannan idan abin ya yi yawa. Ya fi zuwa da raɗaɗi da zafi, musamman idan fitsari ko ruwa ya taɓa wurin, kuma yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar audugar a jiki. Mace mai wannan matsalar sau da yawa ba sai ta rabu da audugar ba, yawan canzawa da barin wasu ɗabi'u ya ishe ta.

Na biyu shi ne alaji na gaskiya. A nan garkuwar jiki ce ta riƙe wani sinadari guda a matsayin abokin gaba, duk lokacin da ya taɓa fata sai ta tayar da faɗa. Irinsa ne yake sa kunnen wasu mata ya yi ruwa idan suka saka ɗankunnen da ba na gwal ba. Abubuwa biyu game da shi suna rikita mutane. Ɗaya, ba ranar farko yake farawa ba. Mace tana iya shekaru tana amfani da abu lafiya lau kafin jikinta ya juya masa baya, don haka cewa "ai tun ina budurwa ita nake sakawa" ba ya wanke audugar. Kamfanoni ma sukan canza haɗinsu ba tare da sun canza leda ba, ga kuma jabu a kasuwa. Biyu, ba nan take yake fitowa ba, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku bayan taɓawar. Wannan ya yi daidai da abin da kika ce na kwana na biyu ko na uku. Alamarsa ƙaiƙayi ne mai tsanani, da ƙananan ƙuraje masu ruwa, da kumburi, wani lokaci ma ya zarce inda audugar ta taɓa. Idan ya kama mace, yawanci ya zauna ke nan, kuma ko ɗan kaɗan na sinadarin ya isa ya tayar da shi.

Sinadaran da aka fi kamawa da laifi su ne turare, sai ƙaron itacen fain da ake sakawa a wasu gam, sai wasu sinadaran gam da roba da ake kira akirilet, sai magungunan hana lalacewa da ke cikin jiƙaƙƙun tishu na goge jiki. Tambayar da nakan yi wa mata ita ce: idan aka manna miki filasta a asibiti, wurin yana yin ƙuraje? Turare ko man shafawa yana fesa miki ƙuraje a wuya? Kina da asma, ko kina fama da bushewar fata da ƙaiƙayi tun ƙuruciya? Wadda ta ce eh, zargina a kan gam ko turare yakan ƙaru.

Ba mu kaɗai muke ganin wannan ba. A 1996 likitoci a Kanada sun wallafa rahoto kan mata 28 da suka riƙa samun ƙaiƙayi da raɗaɗi a gaba dalilin wani samfurin auduga guda. A 2017 an yi babbar hayaniya a Koriya ta Kudu kan sinadaran da ke cikin auduga har hukuma ta gwada waɗanda ke kasuwa, a 2019 kuma mata a Kenya suka cika Twitter da ƙorafin ƙuraje da ƙuna. A shekarar ce jihar New York ta Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni rubuta duk abin da suka zuba a cikin kayan al'ada a jikin leda. A nan gida abin da za ki iya dubawa shi ne lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, amma ki sani lambar NAFDAC ba ta nufin jikinki zai karɓa. Abu yana iya zama mai inganci ga mata dubu, ke ya zame miki matsala.

Bayan waɗannan iri biyun akwai na uku wanda bai cika faruwa ba amma ya fi haɗari: alajin robar lateks, wadda ake yin yawancin kwaroron roba da wasu safar hannun asibiti da ita. Shi cikin mintuna yake zuwa, da borin jini da kumburi, wani lokaci har da toshewar numfashi. Bayaninki bai yi kama da shi ba.

Yadda ake bambanta shi da sanyi

Abin da ke damuna a ƙasar nan shi ne duk ƙaiƙayin da mace ta kai kemis, amsa ɗaya ce: sanyi. A haɗa mata ƙwayoyi kala uku ko huɗu, da na matsawa, da allura, ba tare da kowa ya duba ko ya yi gwaji ba. Magungunan nan na kashe ƙwayoyin cuta ba sa zaɓe, suna kashe har ƙwayoyi masu amfani da ke tsare farji, sai kandida, wato naman gwarin da ke kawo farin ruwa mai kauri, ta samu fili. Mace ta je da matsalar fata, ta dawo da ita da kuma sanyin da a da ba ta da shi. Na sha ganin wannan, kuma yana ba ni takaici, domin kuɗi ne ake zubarwa ana ƙara wa mace wahala.

Ki ɗauki madubi a wuri mai haske lokacin da abin ya tashi. Ƙurajen auduga a waje suke, a kan leɓɓan waje, da wajen dubura, da inda gefen audugar da fukafukanta suke gugar matsematsi. Sau da yawa za ki ga sun bi siffar audugar, kuma can cikin lungun fata inda ba ta taɓawa lafiya lau yake. A fatarmu ta baƙaƙe ba lallai ki ga ja ba. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko toka-toka, ko ya yi sheƙi. Kuma babu wani baƙon ruwa da ke fita daga ciki.

Kandida kuwa ƙaiƙayinta har ciki ne, da farin ruwa mai gudaji-gudaji, kuma ta fi tashi a satin da ke gaban al'ada, sau da yawa jini na zuwa ta lafa. Kin ga akasin naki ke nan. Akwai wani sanyin da ke zuwa da ruwa tsararo mai ƙarnin kifi, wanda ya fi fitowa bayan al'ada ko bayan saduwa, shi ba ya cika ƙaiƙayi. Ƙuraje masu ruwa da ke fitowa a cure wuri guda, masu zafi sosai, su fashe su zama gyambo, suna iya zama hafis, wata cutar bairos da aka fi ɗauka ta saduwa, kuma shi ma a wasu mata lokacin al'ada yake tashi, don haka yana buƙatar idon likita. Makero a matsematsi yana da da'ira mai kaifin baki kuma ba ya tafiya don al'ada ta ƙare. Farar fata mai tauri ko mai yamutsewa da ƙaiƙayi na dare da rana wata cutar fata ce daban da ba a wasa da ita. Matar da ta tashi tana wanka ko wanki a rafi, dam ko gonar noman rani, mukan tuna da tsargiya, domin tana taɓa al'aurar mata ba mafitsara kaɗai ba. Wadda kuma ƙaiƙayi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, dole a gwada ta ciwon suga.

Idan matsalar fata ce daga auduga, ba ta yaɗuwa. Ba ki ɗauka a banɗaki ba, ba maigidanki ne ya kawo miki ba, ke ma ba za ki sa masa ba. Na faɗi wannan ne domin na ga gidajen da zargi ya shiga tsakanin mata da miji, ko tsakanin kishiyoyi, a kan abin da tushensa leda ce mai ƙamshi.

Sau da yawa audugar ba ita kaɗai ba ce

A nan nake so ki fi ba ni hankalinki. Kin ambaci ruwan zafi da Dettol. Na fahimci dalili: mace ta ji ƙaiƙayi, ta ɗauka ƙazanta ce, sai ta ƙara ƙaimi wajen wanki. Ruwan zafi yana kashe ƙaiƙayi na 'yan mintuna, har a ji daɗi, amma yana wanke maiƙon da ke kare fata, ƙaiƙayin ya dawo ya fi na da. Dettol da ire-irensa ba don wannan wurin aka yi su ba, a kan fatar da ta riga ta tsage ƙuna suke ƙarawa. Haka sabulu mai ƙamshi, da sabulun da ake kira na magani, da ruwan wanke gaba na kwalba, da soso. Haka ruwan bagaruwa, da kanumfari, da alimun, da gishiri, da turaren tsugunno. Ko wadda take ganin amfaninsu a wani lokaci, kada ta kusance su fata tana a buɗe.

Jiƙaƙƙun tishu kuma, waɗanda 'yan makaranta da ma'aikata suke yawo da su a jaka, suna cikin manyan masu laifi. Ki duba bayan leda, idan kin ga an rubuta methylisothiazolinone, ki ajiye. Wannan sinadari ya jawo alaji da yawa har Tarayyar Turai ta hana saka shi a kayan shafawar da ake bari a jiki tun daga 2017. Idan kin ga parfum ko fragrance, turare ke nan.

Sai maganar miski. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya zo da cewa mace ta bi wurin jinin da ƙyalle mai miski bayan wankan haila, kuma malamai sun ɗauke shi a matsayin mustahabbi, wanka yana inganta ko babu shi. Abin da nake so ki lura da shi a matsayina na likita shi ne, farin miskin da ake sayarwa yau a ƙananan kwalabe yawancinsa haɗin turaren kamfani ne, kuma ba a rubuta abin da ke ciki. Wadda take da alajin turare, ko fatarta take a saɓule, zai iya tayar mata da ciwo daidai lokacin da ya kamata ta fara warkewa. Ki dakata da shi har mu gano inda matsalar take, hukuncinsa kuma ki tambayi malaman da kika yarda da su.

Aske gashi da reza ko shafa man cire gashi ana gobe al'ada shi ma yana buɗe wa ciwo ƙofa. Ki bar shi sai tsakiyar wata, in fata tana ciwo kuma ki rage da almakashi kawai.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mayukan nan masu haɗi uku da ake miƙo wa kowa a kemis: maganin naman gwari, da maganin ƙwayoyin cuta, da sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, duk a bututu ɗaya. Suna kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, shi ya sa mata suke riƙe su wata da watanni. A wannan fatar siririya, sitiroyid mai ƙarfi yana ƙara sirantar da ita, ya fito da nankarwar da ba ta gogewa, ya ɓoye makero ya bar shi yana faɗi, kuma ranar da aka daina shafawa wurin ya ɗauki wuta. Niyomaisin, maganin ƙwayoyin cutar da ke cikin da yawansu, shi kansa sananne ne wajen jawo alaji. In kin daɗe kina shafa irinsu, ki faɗa wa likita, domin wani lokaci janyewa a hankali ake yi.

Abin da nake ba da shawara ki yi

Maganin wannan matsala ragewa ne, ba ƙarawa ba. Daga yau, ba sai al'ada ta zo ba, tsarki da ruwa zalla, mai sanyi ko mai ɗan ɗumi, da hannu, a waje kawai. Ki tsane da tsabtataccen ƙyalle mai laushi ta hanyar dannawa, kada ki goga. Sannan ki shafa basilin fari wanda ba shi da ƙamshi, siriri, safe da dare da kuma duk lokacin da za ki saka sabuwar auduga. Man zink da ake shafa wa jarirai idan famfas ya ci su shi ma yana aiki. Kamfai na auduga, marar matsewa, a wanke shi a ɗauraye sosai, da dare in babu jini ki kwana babu shi. Audugar nan siririya da wasu suke sakawa kullum don farin ruwa, ki bar ta gaba ɗaya.

Idan wata ya zagayo, ki canza zuwa auduga marar ƙamshi, marar launi, marar ganye, mai saman yadi mai laushi ba mai santsin leda ba. Ki canza ta duk awa huɗu, kada ta wuce shida, ko da ba ta cika ba. Na san abin da wannan yake nufi ga aljihu. Tsadar auduga ta sa mata da yawa suna wuni da guda ɗaya, kuma a ganina wannan kaɗai ya ƙara yawan masu zuwa da cin fata. Ki rubuta a takarda: sunan audugar, ranar da kika fara, ranar da ƙaiƙayi ya zo in ya zo. Kada ki canza abu biyu a wata guda bayan wannan matakin na farko, in ba haka ba ba za ki san wanda ya yi aiki ba. Ki ba shi wata biyu zuwa uku.

In kin canza samfuri biyu marasa ƙamshi abin bai bari ba, zargi ya koma kan gam ko zaren robar, kuma a nan ƙunzugun ƙyalle yake da amfani. Ba na ganinsa a matsayin ci baya. Ƙyallen auduga mai laushi da aka kula da shi ya fi wa mai alaji alheri fiye da audugar kanti mafi tsada. Akwai ma waɗanda ake ɗinkawa da maɓalli don a riƙa wankewa. Sharaɗinsa wanki ne: a jiƙa a ruwan sanyi jinin ya fita, a wanke da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye har sai ruwan ya fita garau domin ragowar omo da bilic su ma suna cin fata, a shanya a rana ya bushe ƙayau, in da hali a goge da dutsen guga. Matsalar da nake gani ita ce kunya, musamman a gidan yawa da makarantun kwana, inda ake shanya shi a ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa ya kwana da danshi, balle da damina. In kunya ce, a shanya a igiya a rufa masa siririn mayafi. Wadda ba ta son barin audugar kanti saboda fita aiki tana iya shimfiɗa siririn ƙyallen auduga a samanta, ya shiga tsakaninta da fata.

Akwai kuma waɗanda ake sakawa a ciki. Kofin al'ada, wato ɗan ƙaramin kofi mai laushi da ake sakawa a farji ya tari jini, yawanci da silikon ake yinsa, wanda ba kasafai yake jawo alaji ba, ana juye shi a wanke a mayar, ana tafasa shi bayan kowace al'ada, kuma yana shekaru. Tunda jinin ba ya taɓa fatar waje, mata masu wannan matsalar da yawa suna samun sauƙi da shi. Yana buƙatar koyo da ruwa mai tsabta, mai robar tsarin iyali a mahaifa ta fara tambayar wadda ta saka mata, mai alajin lateks kuma ta tabbatar ba na lateks ta saya ba. Tamfon, wato audugar da ake turawa ciki, ita ma tana hutar da fatar waje, amma kada ta wuce awa takwas. A 1980 a Amurka aka gano alaƙar tamfon mai shanye jini sosai da wata cuta mai kisa da gubar ƙwayoyin cuta ke haddasawa. Ba ta da yawa, amma duk mai tamfon ko kofi a jiki da ta ji zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da amai ko gudawa, da jiri, da ƙuraje a jiki, ta cire shi ta tafi asibiti a lokacin. Wannan ba alaji ba ne. Ba na ba da shawarar fara kofi ko tamfon alhali wurin yana a saɓule, kuma ba a amfani da su a jinin biƙi.

Don kwantar da wanda ya riga ya tashi, ƙyalle mai ruwan sanyi a ɗora na minti goma yana taimakawa. Likita zai iya rubuta miki man haidurokotizon, wato sitiroyid marar ƙarfi sosai, na kashi 1 cikin ɗari, a shafa siriri a waje na kwanakin da ba su wuce bakwai ba, da ƙwayar ƙaiƙayi da dare don kada ki yi susa cikin barci. Ki yanke farce. Susa tana kaurara fata, kaurin ya ƙara ƙaiƙayi, har a kai inda ko an cire audugar ciwon yana ci gaba da kansa.

Baƙin da kika ce wurin ya fara yi tabon kumburi ne, haka fatarmu take yi bayan ta sha wahala. Yakan washe da kansa idan ciwon ya daina dawowa, amma a hankali, cikin watanni. Don Allah kada ki kai masa man bilicin ko lemun tsami, za su mayar da ke baya.

Ban sani ba ko kina tsarin iyali. Allura da ashanar hannu suna sa wasu mata ɗigon jini na makonni, sai su zauna da auduga a jiki kusan kullum, fata ba ta samun hutu. Haka mai jego da take kwana arba'in da auduga ga ruwan zafi safe da yamma. In kina cikin waɗannan, gyaran ɗigon jinin yana cikin maganin, kuma ana iya gyara shi ba tare da an cire tsarin ba.

Lokacin zuwa asibiti

Tunda kin riga kin sha magunguna da yawa babu sauƙi, ni a ganina ki je a duba ki tun yanzu, ki haɗa da matakan da na lissafa. Kada ki jira ko kaɗan idan akwai gyambo, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko ruwa mai wari, ko kumburin da ya hana fitsari, ko kina da juna biyu. Kumburin fuska ko leɓe da wahalar numfashi kuwa na gaggawa ne.

Abin da ya kamata a yi miki shi ne a duba wurin, a ɗebi ruwan farji a gwada, a gwada suga. In an kawar da sanyi kuma canjin auduga bai wadatar ba, ki nemi a tura ki wurin likitan fata, waɗanda aka fi samu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri. Gwajin da ke tabbatar da alaji shi ne a manna miki ƙananan sinadarai a gadon baya na awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ba ko'ina ake da kayansa ba, kuma ko an yi shi ba kullum yake kamo mai laifin ba, tunda kamfanoni ba sa bayyana duk haɗinsu. Shi ya sa takardar da na ce ki riƙa rubutawa take da daraja a wurinmu.

Ki je lokacin da ƙurajen suke a tashe, ko da kina cikin jini, al'ada ba ta hana mu dubawa. Ki tafi da ledar audugar, da duk wani mai, sabulu, tishu da miskin da kike amfani da su, da kwalayen magungunan da kika sha. Kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki, ko a sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ɗakin. Kuma kada ki tura hoton wurin ta waya ga kowa, ko da ya ce shi likita ne.